Shekara guda a Durham

Durham gari ne da za ka ratsa tsakiyarsa da ƙafa kafin shayinka ya huce. Yana arewa maso gabashin Ingila, tafiyar kusan awa uku daga Landan a jirgin ƙasa, kusa da Newcastle da masu kallon ƙwallo suka sani. Kogin Wear ya naɗe wani tudu kusan ta ko'ina, a kan tudun kuwa ga babbar majami'ar da aka soma ginawa a 1093, ga tsohuwar fadar da ta girme ta da shekara ashirin da 'yan kai, wadda yanzu ɗalibai ke kwana a cikinta. Jami'ar an kafa ta a 1832. Nan na je digiri na biyu a fannin tarihi, wanda a tsarinsu shekara guda ake yi cur: zangon karatu daga kaka zuwa bazara, sannan a bar ka da kundin bincikenka har Satumba.

Jadawalin da aka miƙo mini a makon farko kusan fanko ne. Ni da na saba lacca daga safe har la'asar, sai ga 'yan awoyi a mako, sauran lokacin duk nawa. Na ce ashe hutu na zo. Sai aka turo jerin abin da za a karanta kafin zama na gaba, na gane inda aka ɓoye aikin. Ba mai kiran suna a laburare, ba mai tambayar ko ka buɗe littafin. A ajin ne asiri ke tonuwa, domin ba ku fi goma ba a kewayen tebur, malama kuma ba ta zo karantarwa ba, tambaya ta zo yi.

A nan tarbiyyarmu ta gida ta yi karo da tasu. Mu an koya mana cewa shiru a gaban malami ladabi ne, kuma har gobe ban ga aibun wannan ba a muhallinsa. Su kuwa in ka yi shiru, ɗauka suke ba ka karanta ba. Wani yaro ɗan shekara ashirin da biyu zai jingina da kujera, ya kira farfesa da sunanta na yanka, ya ce hujjar da ta kawo a babi na uku na littafinta ba ta gamsar da shi ba. Ita kuma ta gyara zama, ta ce ya yi bayani. Bakina bai taɓa iya kiran sunanta gatsau ba har na baro garin, amma musun na koya. Kuma na lura ba rashin kunya ba ne yadda na zata: wanda ya yi musu ba tare da shafi da layi a hannu ba, da tambaya biyu ake zaunar da shi.

Rubutu ma haka. Maƙalata ta farko na cika ta da maganganun manyan masana, wane ya ce, wance ta ce, kamar yadda muka saba samun maki. Malamar ta dawo mini da ita da tambaya guda a gefen shafin ƙarshe: duk waɗannan na san ra'ayinsu, kai ina naka? Maki sittin da 'yan kai ta ba ni, na kwana ina jin haushi, sai daga baya na fahimci cewa a ma'auninsu hamsin ne cin jarrabawa, saba'in kuma shi ne ƙololuwa, wanda ba kasafai ake haura shi da nisa ba.

Abin da ya kai ni Durham tun asali shi ne taskar takardun Sudan, wadda aka kafa a 1957, shekara guda bayan Sudan ta sami 'yancin kai. Turawan da suka yi mulki a can ne suka tattara wasiƙunsu da rahotanni da hotuna da littattafan da suke rubuta al'amuran yau da kullum. Ni kuwa mutanenmu nake bi: waɗanda suka kama hanyar Makka a ƙasa suka yada zango a Sudan, da waɗanda suka yi hijira bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka bi ɗansa Muhammadu Bello har suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, da kuma waɗanda suka zama ƙashin bayan noman auduga a yankin Jazira na Sudan bayan an gama madatsar ruwan Sennar a 1925.

Ɗakin karatun ba a shiga da biro, sai fensir. Za a kawo maka kwali, ka kwance igiya, ka yi ta juya takardu sirara da keken rubutu ya huda wasu haruffansu. Sai ka wuni ba ka ga komai ba, can ka ci karo da layi biyu a kan 'yan yamma, wato mutanenmu na Afirka ta Yamma, yawanci a cikin lissafin leburori ko maganar cuta ko haraji. A wannan ɗakin ne musun da na koya a aji ya yi mini rana. Takardar da jami'i ya rubuta wa na gaba da shi tana faɗin abin da yake so a sani ne. In ya ce mutanen nan masu ƙwazo ne, ka tambayi nawa ake biyansu. In ya ce masu taurin kai ne, ka nemi abin da suka ƙi yi. Alhazan nan da ƙyar za ka ji muryarsu a cikin kwalayen, sai dai ka auna ta daga ƙorafin da ake yi a kansu.

Sanyi kowa ya ba ni labarinsa, kuma riga mai kauri ta yi maganinsa. Duhu ne ba wanda ya gargaɗe ni. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, ta faɗi kafin ƙarfe huɗu. Azahar da La'asar da Magariba duk a cikin awa uku da rabi suke taruwa, dole ka riƙa duba jadawalin salla tare da na aji. A Yuni kuma sai abin ya juye: Magariba kusan goma na dare, shafaƙi ba ya gama ɓacewa, lokacin Isha'i sai an ƙaddara. Abinci kuwa, in kana son naman halal mai yawa da doya da manja, ka hau jirgi zuwa Newcastle, tafiyar kwata ɗin awa.

Ɗalibi yana iya gama shekararsa bai san garin yana da masu shi ba. Yankin ƙasar masu haƙar kwal ce, ramukan an rufe na ƙarshensu a farkon shekarun 1990, ƙauyukan da ke kewaye kuma har yau ba su gama farfaɗowa ba. A Asabar ta biyu ta Yuli, bayan 'yan digirin farko sun watse, ake bikin mahaƙa da aka faro tun 1871. Kowane ƙauye da tutarsa da 'yan busa, titunan da na saba gani shiru suka cika maƙil. Ranar na ji Turancin da ban ji a aji ba, na kuma ga Ingilar da ba a sa hotonta a takardar neman shiga jami'a.

Da na dawo gida na koma koyarwa, ban yaudari kaina cewa zan dasa tsarin Durham a ɗakin da ɗalibai suka haura ɗari, littafin kuma kwafi ɗaya ne a laburare ba. Abin da nake yi, nakan buga shafi guda na rahoton wani Baturen mulki in raba, in ce a gaya mini wa ya rubuta, wa ya rubuta wa, me yake nema a wurinsa. Makon farko ido suke zuba mini. Zuwa tsakiyar zango akan sami biyar ko shida da ke ɗaga hannu su ce, Malam, ban yarda ba, su kuma nuna layin.