Sauka da Cessna 172

Yau da yamma na sauke ƙaramin jirgin sama Cessna 172 lafiya lau a Microsoft Flight Simulator, wasan tuƙin jirgi na kwamfuta. Daƙiƙun nan kafin taɓa ƙasa su suka tsaya mini a rai. Ina tafe da gudun kusan kilomita 120 a awa, na janye mai gaba ɗaya, na kai idona can ƙarshen titin jirgin. Sai na riƙa jan sitiyari kaɗan-kaɗan, ina hana shi sauka, har tayoyin baya suka zauna da kansu, ta gaba ta biyo. Wallahi tafin hannuna sai da ya jiƙe.

Ina ta tunanin ɗaliban kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya, ranar da malami zai bar su su sauka su kaɗai.