Masara da waken suya a gonar jikin tsauni

Mutanenmu na wajen Biu da Hawul da Kwaya Kusar, duk mai noma a jikin tsauni ya san wahalar, ruwa ɗaya mai ƙarfi a watan Agusta sai ka ga takin da ka ci bashi ka siyo ya bi gangare ya sauka gonar wani, ga ciyawar wuta-wuta ta shaƙe masara tun bata yi goyo ba. Shi yasa nake ta cewa mu daina barin masara ita kaɗai.

Waken suya ai ba baƙo bane a nan, tun da cibiyar binciken noma ta IITA suka shigo da shirin PROSAB na bunƙasa noma a Borno a shekarun 2000 irin wake kamar TGX 1448-2E ya bazu, shi kuma ba ya saurin fashewa in ya bushe a gona. Ni dai layi 2 na masara nake yi, layi 4 na wake, kunyoyin a gicciye, don in ka ja su daga sama zuwa ƙasa ai hanya ka haƙa wa ruwa. Da zarar ganyen waken ya rufe ƙasa zaizaya ta ragu, ciyawa ma haka.

Amma fa kar wani ya ruɗe ka wai waken zai ciyar da masara a damina ɗaya har ka ƙi sa yuriya. 'Yan ƙulle-ƙullen nan na jikin saiwarsa masu samar da taki daga iska, in ka tsige ɗaya ka fasa ka ga cikinsa jaja-jaja toh suna aiki, sai dai yawancin amfaninsu baɗi ake gani. Don haka baɗi sai a juya, masara ta koma inda wake ya tashi. Shi waken takin sufa yake so, in an samu Nodumax, garin da ke taimaka wa ƙulle-ƙullen nan su fito, a cuɗa da irin kafin shuka. Saiwarsa kuma yaudarar irin wuta-wuta take, ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu.

Buhunan masara za su ragu, wannan ba ƙarya, tunda ka rage mata layi. Amma masu abincin kaji da masu matsar mai suna neman wake, mata ma ga awara, kaga in kuɗin masara ya karye da kaka kamar yadda ya saba sai ka ajiye ta don tuwo ka sayar da wake ka biya bashin taki.

A kula da feshi kawai, maganin ciyawa atrazine ɗin da muka saba fesa wa masara kashe wake yake, in yaro ne zai ɗauki tankin a nuna mai layin tun daga bakin gona.