Fita da Kyanwoyi Kafin Guguwa ta Iso Houston

A nan Houston ta jihar Texas a Amurka, lokacin mahaukaciyar guguwa kan fara 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, amma ta fi ƙamari daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Kyanwoyi biyu nake kiwo, kuma a duk shirin fita babu abin da ya ba ni wuya kamar shigar da su keji.

Da kyanwa ta ji ana jan akwatuna, ana buga katako a tagogi, sai ka neme ta ka rasa: tana bayan firji, ko ta yaga yadin ƙasan gado ta shige. In kuma ba ta ganin keji sai ranar zuwa wurin likitan dabbobi, hango shi kaɗai ya isa ta arce. Shi ya sa tun Mayu nake fito da kejin, in cire ƙofarsa, in shimfiɗa tsohuwar rigata a ciki, in ajiye kwanon abinci a bakinsa. Bayan mako guda in tura kwanon can ciki. Kafin Yuni sun mayar da shi wurin barci. Kowacce da nata, don in sun firgita ko 'yan uwa ne sai sun yakushi juna.

Hukumar hasashen guguwa kan fitar da sanarwar a sa ido awa 48 kafin iska ta iso, sannan ta gargaɗi awa 36. Ni ta farkon nake bi. Da ta fito sai in kulle su a banɗaki tare da kejinsu, kafin in taɓa akwati ko ɗaya.

Kyanwa mai kilo 4 kan sha ruwa kusan mililita 200 a rana. Kare mai kilo 20 kuwa ya fi lita ɗaya. Ina ɗaukar lita 8 don mako guda, har da na wanke kwano. Abinci na kwana 10, wanda suka saba da shi, domin sauyi kwatsam zawo yake kawowa, zawo a cikin mota kuwa ba a magana. Magani na mako biyu. Sai yashin bayan gidansu da farantan gwangwani na yarwa da ake zuba shi ciki. Kyanwar da ta ƙi cin abinci kwana biyu zuwa uku a kai ta wurin likita, hantarta na iya lalacewa.

Takardar allurar ciwon haukan kare tana cikin leda mai zif, tare da hotona da su, don shaidar nawa ne. Akwai kuma 'yar na'urar shaida kamar ƙwayar shinkafa da ake sakawa ƙarƙashin fata. Na taɓa tarar da tsohuwar lambar wayata ce a rajistarta, yanzu duk Mayu nake dubawa.

Bayan guguwar Katrina a 2005, lokacin da mutane da yawa suka ƙi barin gida saboda dabbobinsu, Amurka ta yi doka a 2006 cewa jihohi su sa dabbobin gida cikin tsarin kwashe jama'a. Dokar dai ba ta tilasta wa otal karɓarsu ba, kuma ba kowane matsuguni ke karɓa ba. Ina da lambobin otal uku a biranen San Antonio da Dallas da na tabbatar suna karɓar kyanwa.

A mota, a ɗaure keji da bel, a lulluɓe shi da tawul mara nauyi, kar a ba su abinci awa uku kafin tashi. Kar a buɗe keji alhali ƙofar mota na buɗe.

Dawowa ma da nata haɗarin. Da guguwar Beryl ta ratsa a Yulin 2024, gidaje da shaguna sama da miliyan 2 sun rasa wuta cikin tsananin zafi. Janareta sai a waje, aƙalla mita 6 daga taga, hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji wari ba. Ruwan ambaliya na ɗauke da macizai, da jajayen tururuwa da ke dunƙulewa suna yawo a kansa, ya kuma wanke ƙanshin da dabba ke gane gida da shi. Kare sai da igiya har a gyara shinge. Nawa kyanwoyin kwana biyu suke yi a ɗaki ɗaya kafin in sake su cikin gida.