Ranar da allura ta zame a fiffiken B-17

Da B-17, jirgin saman yaƙi na Amurka, na fara koyon tsaga layuka a jikin ƙananan samfuran jirage, kuma nan ne na ɗebo ruwan dafa kaina. Samfurin roba ne na kamfanin Monogram wanda ya fito a 1975, a ma'aunin 1/48, wato jirgin gaskiya ya ninka shi sau 48 a tsawo, fuka-fukansa daga wannan ƙarshe zuwa wancan sun kai santimita 66. Kamar sauran samfuran zamaninsa, layukan da ke nuna mahaɗar farantan jikin jirgin a tashe suke, kamar an shimfiɗa zare a kan robar. Da na haɗa ɓari biyu na gangar jikin na bi tsakiya da samfefa, sai layukan wurin suka shafe. Ko dai in bar bayan jirgin sumul kamar ƙwai, ko in share layukan duka in tsaga sababbi masu zurfi irin na samfuran kamfanonin Tamiya da Hasegawa na yanzu. Na zaɓi tsagawa ba tare da na ƙirga yawansu ba.

Kayan aikina na farko allurar ɗinki ce da na matse a ɗan mariƙi, sai rular ƙarfe. Na ɗora rula a kan fiffiken hagu, na danna allura da ƙarfi don in gama a ja ɗaya. Ba ta yi nisa ba ta bar gefen rula ta yi nata wuri, ta bar mini karce mai lanƙwasa kamar ƙugiya a tsakiyar fiffike. Na daɗe ina kallonsa. Sai na cike shi da foti, washegari na zo in sake tsagawa, fotin ya dinga marmashewa a bakin allura, layin ya fito kamar ɓera ya gaigaye shi.

Daga baya na gane laifin hannuna ne. Ja na farko ba a danna shi sam, nauyin allurar kawai ake bari ya yi ɗan tabon da ido ke gani da ƙyar. Wannan tabon shi ne hanyar da ja na biyu da na uku za su bi, kuma da ta samu, allura ba ta ƙara fanɗarewa. Ni yanzu sau biyar ko shida nake bin kowane layi, ina ja zuwa wajena, numfashi a riƙe. Idan na ji wuyan hannuna ya fara sagewa, ajiyewa nake yi, don duk ɓarnar da na yi a ƙarshen zama na yi ta, lokacin da nake cewa bari in ƙarasa wannan ɗaya.

Rula kuma ba ta kwanciya a jiki mai lanƙwasa. Abin da ya cece ni tef ɗin Dymo ne, mai kaurin nan da ake buga sunaye a kansa. Gefensa yana da tauri, yana manne wa robar, idan aka yanka shi siriri yana zagaya gangar jirgi lafiya lau. Sai dai gam ɗinsa yana mutuwa bayan liƙi biyu ko uku, kuma tef ɗin da ya fara sakewa ya fi rashinsa haɗari.

Allura ba ta cire roba, turawa take yi gefe da gefe, shi ya sa kowane layi ke tasowa da ɗan tudu a bakinsa. Matsagar Tamiya mai baki kamar ƙugiya ita ce ke yanko robar, sai ka ga siririn zare yana nannaɗowa a gabanta. Amma ko da allura ana samun aiki mai kyau: a goge tudun da samfefa mai lamba 1000, a kakkaɓe ƙurar da tsohon buroshin haƙori, sannan a ɗiga gam ɗin roba mai ruwa-ruwa ya bi cikin tsagar da kansa ya narkar da kaushin. Inda aka yi kuskure, sufa gulu ya fi foti nesa ba kusa ba, muddin an goge shi an sake tsagawa cikin awa guda. Idan ya kwana, ya fi robar da ke kewaye da shi tauri, allura sai ta kauce masa.

Akwai lissafin da ya rage mini zaƙewa. Tsaga mai faɗin milimita 0.2 a ma'aunin 1/48 daidai take da giɓin kusan santimita ɗaya a jirgi na gaskiya, abin da babu makanikin da zai bari ya tashi. Shi B-17 ma, farantansa da yawa hawa kan juna suke yi, ga kawunan ƙusoshi jere, don haka layukan Monogram masu tasowa ba su yi wata babbar ƙarya ba. Na san wannan ne bayan na riga na shafe rabinsu.

Da na fesa fentin farko mai ruwan toka, duk abin da na ɓoye ya fito fili. Fiffiken dama, wanda na yi a ƙarshe, layukansa sirara ne, zurfinsu ɗaya. Na hagu kuwa kamar garma ta bi. Na bar shi haka, na juya wannan ɓangaren yana kallon bango.