Mako shida a wani ƙaramin filin jirgi na Kansas

Kwana huɗu ke nan da dawowata, amma har yanzu in na rufe ido ciyawa nake gani. Duk wanda zai je Amurka sanin makamar aikin kula da filin jirgi, in dai ƙaramin fili ne na gari, ya cire ofis da kujera daga ransa. Tarakta zai tarar, da farin bokiti, da tsintsiya.

Daga Abuja zuwa can babu abin faɗi, sai jami'in shige da fice da na tarar a inda na fara sauka. Sau uku yana tambayata me zan koya a filin ƙauye, ko kallon fuskata bai yi ba, da ya gama kuma ya wurgo mini fasfo kan kanta. Abin da ya taimake ni, takarduna suna hannu, ba a cikin akwatin da aka auna ba. Bizar wannan aiki J-1 ce, dole ka riƙe takardar DS-2019, wadda masu ɗaukar nauyinka ke ba ka, da rasidin dala 220 na rajista a SEVIS, rumbun bayanan baƙi masu zuwa karatu ko horo a Amurka. Ɗalibi ko wanda bai wuce wata 12 da gama karatu ba ana iya ba shi har shekara guda, ma'aikacin da ya riga ya ƙware kuma har wata 18.

A Wichita manajan filin ya zo da kansa ya ɗauke ni, dattijo mai furfura, cikin akori-kura. Garin jirage ne, nan aka kafa kamfanin ƙera jirage na Cessna a 1927, na Beechcraft kuma a 1932. Muka yi awa biyu muna keta gonakin alkama, ƙasa shimfiɗe kamar tabarma, sai ka ce hanyar Haɗeja bayan girbi, illa dai babu mutum ko ɗaya a bakin titi.

Filin mallakar majalisar gari ne. Ma'aikata uku ne kacal, sai mu masu koyo biyu. Babu hasumiya, babu mai ba jirgi izinin sauka. Matuƙa ne ke sanar da junansu ta rediyo a tasha ɗaya: ga ni mil goma daga kudu, zan sauka a titi kaza. A gida Najeriya an raba aikin tsakanin hukumomi, FAAN da fili, NAMA da sararin sama, NiMet da yanayi, NCAA da doka. A can na'ura ce ke auna iska da gajimare tana faɗa ta rediyo dare da rana, sauran aikin filin kuwa duk a wuyan manaja. Shi ya sa nake ganin mai koyo ya fi ƙaruwa a irin wannan wuri. A babban fili sashe ɗaya za a ajiye ka, har ka gama ba ka taɓa tiyon mai ba.

Titin jirgin ɗaya ne, 17/35, tsawonsa ƙafa 5,000. Lambar daga alƙiblar kamfas take, a cire sifili na ƙarshe, wato digiri 170 da 350. Kudu da arewa ya miƙe don iskar Kansas daga kudu ta fi kaɗawa. Namu na Kano 06/24 ne, yana fuskantar arewa maso gabas inda iskar hunturu ke fitowa. Hikimar ɗaya ce, jirgi yana son iska a goshi.

Ƙarfe shida da rabi na safe ake fara duba titi. Kafin mota ta tsallake layukan nan huɗu masu ruwan ɗorawa, biyu cikakku biyu tsinke-tsinke, sai ka tsaya, ka kunna fitilar saman mota, ka sanar ta rediyo, ka leƙa sama dama da hagu, domin akwai ƙananan jirage da ba su da rediyon ma. Sannan ka bi titin a hankali, zuwa da dawowa, don abin da rana ta ɓoye maka a tafiya ka gan shi a komowa. Noti, tsakuwa, guntun taya, murfin tankin mai, duk a tsince. Tsakuwa ɗaya tana gutsire bakin farfela, daga wannan gutsiren kuma tsaga take farawa. Ka ƙirga fitilun da suka mutu: farare a gefen titi, shuɗɗa a hanyar shiga, kore da ja a bakin titi. Ka duba jakar iska, mai nuna wa matuƙa inda iska ke kaɗawa, ko ta yage. Komai a rubuta a takarda, da lokaci da sa hannu, ko da ba ka ga komai ba. Abin da ba za a gyara nan take ba sai a fitar da sanarwar NOTAM ga matuƙa. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne mantawa da soke sanarwar bayan an gama gyara, sai jirgi ya karkata wani gari alhali titi lafiya lau.

Fitilun dare sun burge ni ƙwarai. Ba a barin su a kunne. Matuƙi ne ke kunna su daga sama ta latsa maɓallin rediyonsa cikin daƙiƙa biyar: sau bakwai haske mai ƙarfi, biyar matsakaici, uku kaɗan. Bayan minti 15 su mutu da kansu. Na tsaya ina tuna gas ɗin da janareto ke sha a ƙananan filayenmu, raina bai yi daɗi ba.

Wajen mai ne dattijon ba ya wasa. Iri biyu ne: 100LL mai launin shuɗi na jirage masu fistin, da Jet A, dangin kananzir, fari ko ruwan kara. Kullum da safe a tatsi kaɗan daga gindin tanki da gindin matata zuwa farin bokiti, a juya shi, a bar shi ya kwanta. Ruwa ya fi mai nauyi, za ka gan shi ƙwaya-ƙwaya a ƙasa. In ka gani, ka ci gaba da tatsa har ya fito garau. A karanta bambancin matsi tsakanin shiga da fitar matata a rubuta. In ya kai 15 a ma'aunin psi, a canza ta. In kuma ya faɗi kwatsam ba murna ba ce, mai yiwuwa matatar ta fashe. Kafin a buɗe murfin tankin jirgi sai an maƙala masa wayar da ke haɗa shi da famfo, saboda tartsatsin da gudun mai ke haifarwa. Babban abin tsoro shi ne zuba Jet A a jirgin fistin. Injin zai tashi da ragowar man da ke bututu, ya hau titi lafiya, sai ya ɗaga sama sannan ya lalace. Don haka aka yi bakin tiyon Jet A da faɗi kamar bakin agwagwa, ba ya shiga ƙaramin rami. Duk da haka doka a wurin ita ce ka tambayi matuƙi irin mai da yawan galan, ka maimaita masa da bakinka.

Ciyawa ita ta cinye rabin lokacinmu. In ta yi gajarta ainun dinya ta sauko kiwo, in ta yi tsawo ta tara fara da ɓeraye, shaho ya biyo su, ta kuma rufe fitilu. Mu awaki da shanu ke keta mana shinge, su barewa ce, da asuba da goshin magariba.

Kuɗin filin daga ribar mai yake, da hayar rumfunan jirage, da hayar gonakin da ke kewaye. Babban aiki kamar sabunta kwalta FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, ita ce ke biyan kashi 90 cikin 100 a bisa al'ada, kuma irin wannan fili na iya samun har dala 150,000 a shekara, a tara na shekara huɗu a yi aiki ɗaya. Sharaɗin shi ne kuɗin da fili ya samu ba ya fita daga fili, kuma a bar shi buɗe ga kowa, yawanci shekara 20. An sa mu shirya lissafin wata, muka bi manaja zaman majalisar gari. Wata tsohuwa ta miƙe ta tambaye shi dalilin sayen sabon injin yankan ciyawa, ya tsaya ya ba ta amsa da adadi, babu ɗaga murya.

Karamcinsu wani iri ne. Akwai tsohuwar mota a bakin ofis, makulli a rataye, duk matuƙin da ya sauka ya ɗauka ya shiga gari cin abinci kyauta, ya ɗan zuba mai ya mayar. Matar manaja da ta ji ba na cin naman alade, ranar karin kumallon matuƙa ta zo da sabon kasko daban ta soya mini ƙwai. Amma maƙwabci zai wuce ka da ɗaga yatsa ɗaya daga sitiyari, gaisuwar ke nan. Tsada kuwa ba a magana. Abincin rana ɗaya, in ka juya shi zuwa naira, cefanen gida ne na kwanaki, ga kuɗin mai hidima da ake jira ka ɗora a kai. Sai a shagon kayan gwanjo na huce, inda na sami takalmin aiki mai ƙarfe a baki da arha.

Satin ƙarshe muka leƙa Salina, inda reshen Jami'ar Jihar Kansas ke koyar da tuƙin jirgi. Ƙanƙara ta sauko da yamma, muka tura jirage uku cikin rumfa da hannu. Washegari Wichita, sai dogon zama a jirgi. Da muka sauka Abuja, idona na kan fitilun gefen titi ina ƙirgawa.