Maganin Feshi da Ruwan Lambunanmu

A ranin da ya wuce na ziyarci lambun ƙanen mahaifina a yankin Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam. Na tarar da ɗansa yana feshi da tsakar rana, injin goye a bayansa, ba takalmi, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, iska kuwa tana mayar masa da raɓar maganin a fuska. Da ya gama sai ya tsuguna a bakin hanyar ruwa ya ɗauraye injin, ruwan ya yi fari kamar an zuba madara, ya gangara. Ƙasa kaɗan wata yarinya tana wanke latas, can gaba kuma shanu suna sha.

Na ce wa ƙanen mahaifin nawa, "Baba, murfi nawa kuke zubawa a inji ɗaya?" Ya ce a da biyu ne, amma tun shekarar sharon, wato tsutsar nan mai cin tumatir, ya koma huɗu, wani lokaci ma sai ya haɗa magani iri biyu kafin hankalinsa ya kwanta. Ban ga laifinsa ba, domin duk wanda ya ga yadda wannan tsutsa ta cinye tumatir a 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman, ya san tsoron da ta bari a zukatan manoma. Sai dai sharon, wadda masana ke kira Tuta absoluta, kuma asalinta daga Kudancin Amurka take, tana shigewa cikin ganye da cikin ɗan tumatir ne, inda yawancin feshi ba ya isa gare ta. Waɗanda suka tsira suna hayayyafa da juriyar maganin, alhali ƙwarin da ke cin ƙwanta su ne farkon mutuwa. Haka manomi zai yi ta ƙara murfi yana ƙara kashe kuɗi, tsutsar kuma tana ƙara taurin kai.

Abin da ya fi damuna shi ne inda ragowar ke zuwa. Ruwan da ya fita daga waɗannan gonaki yana komawa Kogin Kano, ya haɗu da Chalawa, ya zama Kogin Haɗeja, har ya isa fadamun Haɗeja da Nguru, inda masunta ke cin abinci, tsuntsayen da ke tasowa daga Turai kuma suke sauka. Wasu magungunan ƙwari suna kashe kifi ko da kaɗan ne ya shiga ruwa, feshi a lokacin fure kuma yana hallaka ƙudan zuma, waɗanda kankana da kabewa ke buƙata kafin su yi 'ya'ya. Baba da kansa ya ce kukan kwaɗi ya ragu a lambun da daddare.

Akwai kuma kwanakin jira tsakanin feshi da tsinka, waɗanda aka rubuta a jikin kowace kwalba. Idan motar dillali ta iso, tumatirin da aka fesa jiya shi ake lodawa a kwando yau. Irin wannan sakaci ya taɓa jawo wa ƙasar asara, domin a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos a jikinsa, wato wanda ke cikin Sniper, wanda hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a 2019.

A ganina, tushen matsalar shi ne mai shagon magani ya maye gurbin malamin gona, shi kuwa ribarsa tana cikin yawan abin da ya sayar. Kafin in taho, mun haƙa rami nesa da hanyar ruwa domin ɗauraye inji, na kuma roƙi Baba kada a sake zuba ruwan sha ko manja a kwalbar da ta ƙare. Ya amince, sannan ya miƙo mini wata sabuwa ya ce in karanta masa kwanakin jiran, domin duk bayanin da ke jikinta da Turanci aka rubuta shi.