Sana'ar yawo da baƙi a kan doki a bakin kogin Loire

Mutanenmu da yawa in na ce sana'ata doki ce a Faransa sai su ɗauka tsere ne ko harkar caca, a'a ba ita ba ce. Ɗan ƙaramin kamfani gare mu ni da abokin aikina wani Bafaranshe, sai wata yarinya da muke ɗauka in aiki ya yi yawa, bargarmu tana ƙauye kusa da garin Saumur. Aikin shi ne baƙi masu hutu su zo mu ɗora su kan dawaki mu bi da su ƙauye ƙauye kwana biyar ko shida, yau a kwana nan gobe a kwana gaba, mota na biye da jakunkunansu da abincin dawaki ta kwalta mu kuma muna bin ta daji da gonaki.

Ni ɗan Damagaram ne, na tashi na tarar da turke a gidanmu, doki ba baƙona ba ne. Amma a nan iya hawa kaɗai baya baka damar karɓar kuɗin mutum ka fita da shi, doka ta ce sai da takarda. Wadda na yi sunanta ATE, hukumar hawan doki ta ƙasar wato FFE ce ke bada ita, kuma ba hawa kawai ake gwada ka ba, har karatun taswira da taimakon gaggawa da yadda zaka maida takalmin ƙarfe in ya cire wa doki a tsakiyar daji. Kowane doki kuma da takardunsa da ɗan ƙaramin guntun na'ura da ake sa masa a wuya mai ɗauke da lambarsa, ga allurar mura da ta tetanus, ga inshora, wallahi takardun doki ɗaya a nan sun isa cika jaka.

Abin da ke kawo baƙi dai tarihi ne, kuma yankin akwai shi ba ƙarya. Tun shekarar 2000 UNESCO ta sa wannan ɓangaren na kwarin Loire cikin kayan tarihin duniya. In mun tashi daga wajen Saumur muna bin saman tudu ta cikin gonakin inabi, kogi yana ƙasa ta hannun hagu, mu wuce Montsoreau mu kai Candes-Saint-Martin inda kogin Vienne ke zuba cikin Loire. Duk gidajen da farin dutse mai laushi aka gina su, kuma ramukan da aka haƙo dutsen har yau suna nan, wasu mutane sun maida su ɗakunan kwana wasu ana noman naman kaza a ciki saboda sanyi da duhu. Daga nan sai Fontevraud, tsohon gidan ibadar Kirista da aka kafa a 1101, a ciki aka binne sarki Henry na biyu na Ingila da matarsa Eleanor da ɗansu Richard, shi Richard ɗin nan dai da ya gwabza da Salahuddin Ayyubi, ya mutu a 1199. Napoleon ya maida wurin gidan yari a 1804 kuma haka ya zauna har 1963. Turawan Ingila in mun iso nan basa son tafiya. Sai Chinon da ganuwarta a saman dutse, inda Jeanne d'Arc, yarinyar nan da ta jagoranci sojojin Faransa suka yaƙi Ingila, ta zo ta sami sarkin Faransa Charles na bakwai a 1429, ita ma a kan doki ta iso, kuma ina yawan faɗa wa baƙi cewa duk garuruwan nan an jera su ne daidai tafiyar dabba, shi yasa in ka shigo su da mota cikin minti ashirin baka gane komai ba.

To amma ni abin da nake sayarwa a gaskiya bayan doki ne da ƙafarsa, in waɗannan suka lalace ba gidan sarkin da zai cece ni. A rana muna yin kilomita 25 zuwa 30, awa biyar ko shida a kan sirdi, kuma mafi yawanta tafiya ce ta hankali, a ɗan yi sassarfa, sukuwa sai inda ƙasa ta yi laushi na kuma san ba rami. Nan ne muke samun saɓani da wasu baƙin, mutum ya biya kuɗi yana ganin kullum sukuwa za a yi ta yi daga safe har yamma, ni kuma bana yarda ko zai yi fushi, domin shi ranar Asabar zai hau jirginsa ya koma Amurka ko Jamus, dokin kuma Litinin ta sama akwai wani da zai ɗauka. In mun zo gangara mai duwatsu kowa sauka yake ya ja nasa da ragama. Da rana a sassauta majayi a cire linzami su ci ciyawa kafin mu mu ci namu. Da yamma in an sauke sirdi da hannuna nake shafa bayan kowanne ɗaya bayan ɗaya, in na ji wuri ya yi zafi ko ya ɗan kumbura to gobe wannan ba mai hawansa, gara na sa a kawo wani da mota na yi asarar mai da in bari ya zama miki, mikin baya sai ya zaunar da doki wata guda ko fiye a tsakiyar lokacin neman kuɗi.

Shi yasa tun kafin mutum ya biya nake tambayar nauyinsa, kilo 90 ne iyakarmu, da kuma iya hawansa. 'Yan Faransa da sauƙi domin suna da jarrabawar mataki mataki da suke kira Galop daga 1 zuwa 7, in ya faɗi nasa ka san inda ya tsaya. Na waje kuwa kowa cewa yake ya iya, sai ranar farko na sa su zagaya fili na gani da idona sannan na raba dawakin. Mai tsoro a bashi dattijon doki wanda ko tarakta ta wuce baya ɗaga kunne. Dawakinmu duk dandaƙaƙƙu ne da goɗiyoyi, ingarma ba ta wannan aikin, ba kamar gida ba inda ingarma ce abin ado a hawan sallah, kuma linzaminsu mara kaifi ne don hannun baƙo baya da tabbas.

Maganar kuɗi kuma sai haƙuri. Aiki daga Afrilu ne zuwa Oktoba amma ci shekara ce cur, doki ɗaya yana tashi da kusan kilo 10 na ingirici a rana ya sha lita 30 zuwa 40 na ruwa, mai takalmi yana zuwa duk sati shida zuwa takwas kuma ƙafa huɗu kusan yuro ɗari ne, ga likita ga mai gyaran haƙori. Farin da aka yi a 2022 ya bamu wuya sosai, ciyawa ta ƙone tun tsakiyar bazara muka fara buɗe ingiricin da muka aje don hunturu, kuma lokacin zafin sai mu tashi da asuba mu sauka kafin azahar, ga bobuwa a bakin kogi tana cizon dawaki har jini. Daga Satumba kuma mafarauta sun fito, dole ka san ranar da suke daji ka kauce ka sa riga mai haske.

Masauki shi ne ciwon kaina na kullum. Ɗakin kwanan mutum takwas ba wuya, amma wanda ke da fili da ruwa da zai yarda ka kafa wayar lantarki ka saki dawaki tara su kwana, kaɗan ne, kuma in ɗaya ya rufe ko ya sayar da gidan duk hanyar ta wargaje sai ka sake zana ta. Abincin dare masu masaukin ne ke yi, yankin inabi ne kowa ya sani, ni dai giya bana sha bana sayarwa kuma duk sun san ni da haka, in akwai musulmi cikin baƙi tun da wuri nake gaya musu a yi kifi ko kayan lambu. Akwai wani manomi tsoho da ya bar mu muna ratsa gonarsa shekara da shekaru ba ko sisi, sharaɗinsa ɗaya a rufe ƙofa a baya, kuma ni da kaina nake sauka in rufe.

Yanzu da sanyi ya shigo an cire wa yawancinsu takalmi suna fili suna hutawa, mu kuma gyaran sirdi da shafa mai, da bin hanyoyi a ƙafa a ga inda itace ya faɗi ko alama mai launin ruwan lemo da ake sa wa hanyar dawaki ta goge. Muna son baɗi in Allah ya kai mu mu ƙara wata hanya ta gabas har Chenonceau, gidan sarautar nan da aka gina a kan kogin Cher, masauki biyu ne suka rage ban samu ba tsakanin Azay-le-Rideau da can, in ban same su kafin Fabrairu ba sai a bari sai wata shekara.